Kitso Uku Kafin Almakashi

Duk macen da ta taɓa zama a kujerar Ikilima a unguwar Ƙuba ta Madina ta san abu guda: ba ta ɗaukar almakashi sai ta fara raba gashinki gida uku, ta kitse shi jela-jela, ta zuba su a bayanki, ta ja da baya tana kallo. Sannan ta warware ta ce, "To, me za a yi?" Matan unguwa sun daɗe da ba kansu amsa. Wasu suka ce tsayi take aunawa, wasu suka ce sabon hannu ne irin na 'yar mai kitso, wata kuwa mai bakin tsiya har ta rantse addu'a take tofawa a ciki. Ba ko ɗaya. Dubawa take ko gashin zai kitsu ranar da za a yi miki wankan ƙarshe. Ba ta taɓa gaya wa mai zama ba, don in ta faɗa wace ce za ta dawo?

A Madina aka haife ta, a wani tsohon gida a unguwar Al-Sih da tuni aka rushe. Kakarta ce ta taso daga Damagaram a ƙafa, ta yi shekaru a Sudan tana cirar auduga kafin ta ga teku. Da ta yi hajji ta zo ziyara, sai ta ajiye ƙunshinta ta ce daga nan ba inda za ta. Uwar Ikilima kitso ta yi har idonta ya gaza, shuku da kalaba da zane, mata na bin layi a tsakar gida suna cacar baki da Hausar Kano da ta Nijar da ta Cadi. Ikilima ta iya duk wannan tun ba ta kai tsayin kujera ba, amma almakashi ne ya ɗauke mata hankali. Ta yi aiki a mashgal, wato shagon gyaran gashi na mata, ƙarƙashin wata Basiriya mai masifa da ta koya mata yanka da jan istishwar, na'urar nan mai hura iska mai zafi ta miƙar da gashi. Da ta auri Hamid, direban bas da ke ɗaukar masu umara daga Bi'ir Ali zuwa Makka, sai ta ware ɗaki guda a gidansu, ta kafa madubi da kujera. Gajera ce, kakkaura, mai saurin faɗa da saurin hucewa, kuma Allah bai ba ta haihuwa ba.

Abin da ya fitar da sunanta shi ne gussa, ɗan gashin nan da ake saukowa da shi kan goshi. Ba irin mai kaurin da ke rufe fuska kamar labule ba. Tata sirara ce, sili-sili, ana hango goshi ta cikinta, sai ta zarce ta haɗe da sauran gashin da aka yanka hawa-hawa, na sama gajere na ƙasa dogo, abin da a nan ake kira mudarraj. Kan Bahaushiya kuwa yana da halinsa. Sai a ja shi da istishwar ya miƙe santal, a yanke daidai gira, yarinya ta dawo gida tana yanga, ta yi alwalar Magariba, ruwa ya taɓa gaban kai, shi ke nan gussa ta ƙanƙance ta haye sama ta tsaya cirko-cirko, sai kuka. Ikilima ba ta yanke wa daidai gira. Takan ɗebo gashi kaɗan daga gaba, ta murɗa shi, ta sauko da shi har karan hanci, ta riƙe almakashi a tsaye tana tsinkar bakin kaɗan-kaɗan, sannan ta jiƙa yatsa ta shafa, ta jira ta ga iya inda zai gudu. "Kan nan alwala yake yi," in ji ta, "ba hoton bango ba ne." A zamanin da take ganiyarta, ba a kai amarya a cikin Hausawan Ƙuba ba ta bi ta hannunta ba.

Tana da ƙanwa guda, Raliya, 'yar dariya, mai kafiya kamar me. Ita ce ta zo wata rana da safe da jaririyarta Sundus a kafaɗa da wata mujalla a hannu, ta ɗaga shafi ta ce irin wannan take so, saman kai gajere sosai, gussa kamar iska za ta ɗauke. Ikilima ta ce, "Ke Raliya, ya yi gajarta." Raliya ta ce, "Yaya, kan nawa ne ko naki? Zai tofo." Ta zauna aka yanke. Kuma wallahi ya yi kyau, bai taɓa yi wa wata kyau haka ba. Raliya ta riƙa jujjuya kai a madubi tana ƙyaƙyata dariya, ta sa aka ɗauke ta hoto a nan kan kujerar.

Gashin bai samu ya tofo ba. Mako bai zagayo ba Raliya ta ce kanta na sara, ta zauna a bakin ƙofar kicin, kafin a kai ta asibiti rai ya yi halinsa.

Ikilima ta shiga wankan, don ita ce yayar. Hajiya Fatna, tsohuwar da ta daɗe tana wanke matan Hausawa a garin, ita ke ja musu gaba. Aka yi da ruwa da magarya, aka ƙare da kafur. Sai aka zo kan gashi. Mace in an wanke ta, raba gashinta ake gida uku a kitse a zuba a bayanta, kamar yadda aka yi wa 'yar Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, a wannan gari. Hajiya Fatna ta raba, ta kama. Gashin ya sha ruwa ya koma gida, na sama ya ƙi kai wa na ƙasa, ta kama nan can ya sulluɓe, gussa kuwa ta nannaɗe ta tsaya a goshin kamar mai ita za ta buɗe ido ta gyara. Tsohuwa ta gwada, ta sake gwadawa, sannan ta ce a hankali, ba da faɗa ba, ita da kanta take magana, "Wa ya yanke wa yarinyar nan gashi haka?"

Ikilima ta matsa ta karɓa, ita 'yar mai kitso, wadda yatsunta ba su taɓa jin kunya a kan kowa ba. Ta samu ta haɗa 'yan guntaye uku da ƙyar. Ana cikin naɗa likkafani na tsakiyar ya warware a gaban idonta, ga lokacin salla a Harami, masallacin Annabi, ya matso, masu ɗauka na jira a waje. Haka aka rufe Raliya, haka aka kai ta maƙabartar Baƙi'a.

Hamid ya ga matarsa tana ramewa, ya je ya samu Malam Lurwanu, wani malami ɗan Gusau da ke koyarwa a jami'a, maƙwabcinsu. Malam ya aiko da amsa mai sanyi: babu laifi a kanta ko kaɗan, kitson nan sunna ce ga gashin da ya samu, wankan ya yi, mamaciya ba ta rasa komai ba. Ikilima ta yarda da malam har zuciyarta, amma hannunta bai ji wa'azin ba. Da ta koma aiki, duk lokacin da almakashi ya hau sama da kunne, sai ta ji sanyin ruwa a yatsunta, ƙamshin kafur ya cika ɗakin da babu kafur a cikinsa. Wani lokaci ta ɗago kai ta ga a madubi matar da ke zaune kamar a kwance take, ido rufe. Takan ajiye almakashi ta ce bari ta duba tukunya, alhali ba ta ɗora komai ba. Daga nan ta soma kitson nan uku kafin yanka. Iya inda jelar ta kama, nan ne iyakar almakashinta, ko za ki yi kuka ba ta wucewa. 'Yan mata suka fara janyewa suna cewa mudarraj ɗin Khala Ikilima, wato Inna Ikilima, na tsoro ne, ka ce an yanka ka ce ba a yanka ba. Ta ji, ta ce su tafi, ai ba ita ta kira su ba. Amma abin ya ci ta, don ta san hannunta ya fi haka.

Sundus kuwa a gidan ta tashi. Ubanta a Yanbu yake aiki, ya bar ta wurin yayar uwarta, yana zuwa duba ta. Kan yarinyar nan, tun yana ɗan tsit har ya sauko gadon baya, ba hannun da ya taɓa shi sai na Ikilima. Ita ke wankewa, ita ke tajewa, ita ke shafa mai, in ta rage bakin ma da ƙyar ne. A nan take jin ita uwa ce, ba a wurin tuwo ko kai wa makaranta ba, a'a, lokacin da kan yarinyar ke tsakanin gwiwoyinta tana ƙorafi da Larabci, ita tana ba ta amsa da Hausa. Sundus na jin Hausa sarai, amma ba ta mayarwa sai an matsa mata.

Bana ta gama karatun jinya, ta samu aiki a Jidda. Ana saura 'yan kwanaki ta tafi, ta shigo ɗakin madubi ta miƙa waya. Hoton nan ne na Raliya a kan kujera, baki buɗe da dariya, ta samo shi a wurin ubanta.

"Khala, irin wannan nake so kafin in tafi."

Ikilima ta kalli hoton sau ɗaya ta kau da kai. "Ba zai yi miki kyau ba."

"Fuskarmu ɗaya, kowa na faɗa."

"Na ce ba zai yi ba. Ke da za ki yini da ɗankwali a asibiti, wa zai gani?"

"Ni zan gani." Sundus ta mai da wayar aljihu. Ba ta ɗaga murya ba, shi ya fi ciwo. "Ɗayyib, na ji. In ba za ki yi ba, ba komai, akwai mashgal a Jidda. Ina sauka zan je."

Tabɗi! Ikilima ta yi faɗa har maƙwabta suka ji. Ta ce rashin kunya ne, ta ce 'yan zamani ba su san darajar gashi ba, ta ce wata baƙuwa da ba ta san kan Bahaushiya ba za ta ja shi ta datse daidai gira ta mai da ita abin dariya. Ta huce, ta yi kuka a banɗaki, ta sake tasowa da faɗan. Amma ta san 'yar wa ta raina. In ta ƙi, kan da ta yi shekaru tana riƙo zai faɗa hannun wata, kuma ba zai dawo mata ba. In ta yarda, da hannunta za ta sake yin abin da ta yi wa Raliya, ta sa yarinya a hanya da kan da ba ya kitsuwa. Tsoro take ji, tsoro tsagwaronsa, irin wanda ba ta iya faɗa wa Hamid ba ma.

Ranar tafiya, bayan Azahar, akwatuna na bakin ƙofa, Hamid ya fita zuba mai don ya kai ta tashar jirgin ƙasa, Ikilima ta ce, "Zo ki zauna."

Ta yafa mata tawul. Ta raba gashin uku, ta kitse, ta zuba a baya, ta kalla, ta warware. Ta ja istishwar. Ta soma yanka daga ƙasa, tana ɗagawa tana ragewa, hawa ɗaya, hawa biyu, duk a ƙasa da kafaɗa. Ta ɗebo na gaba ta sauko da shi har haɓa ta ɗan tsinke bakin, ta kakkaɓe tawul ta ce, "Shi ke nan, mabruk."

Sundus ta dubi madubi, ta juya hagu, ta juya dama. Da ta buɗe baki, da Hausa ta yi magana, Hausarta mai nauyi da ba ta cika fitowa ba.

"Khala, gawa kika yi wa aski. Ni ina da rai."

Almakashi ya kusa faɗuwa daga hannun Ikilima.

"Na sani," in ji Sundus, ta koma Larabcinta. "Lokacin da muke koyon aiki, wata mata ta rasu ba ta da kowa, na shiga na taimaka aka wanke ta. Da na ga an raba gashinta uku an zuba a baya, sai da na fita na zauna a ƙasa. Tun ina yarinya nake ganin kina yi wa mata haka. Ni ma kina yi mini. Na tambayi Baba, ya gaya mini sauran." Ta kamo hannun da ke riƙe da almakashin ta ɗora a saman kanta. "Ban san muryarta ba, Khala. Ban san tafiyarta ba. Hoton nan kawai nake da shi, kuma ke kika yi shi. Ina so in ga yadda take."

Wayyo Ikilima. Ta tsaya, sanyin nan ya hau yatsunta, kafur ya cika mata hanci. Ta jira ta ga ko zai tafi, bai tafi ba. Ta ce bismillah a cikinsa.

Ta ɗaga gashin saman kai a tsakanin yatsu biyu, ta kai shi sama, ta yanke. Guntun da ya faɗo ƙasa ya fi tafin hannu tsayi, sai da ta runtse ido. Ta ɗebo na kusa da shi ta daidaita, ta yanke, ta bi kan tana zagayawa. Hannun ya tuna hanyarsa, ba ya tambayarta komai. Ta zo gaba, ta ware gashi kaɗan, ta murɗa, ta sauko da shi karan hanci, ta tsai da almakashi tana tsinka, 'yan silin na sauka a kan tawul. Ta jiƙa yatsa a kofi ta shafa, gussa ta ja da baya ta tsaya inda ya kamata, ƙasa da gira kaɗan. Duk wannan ba ta kalli madubi ba, gashin kawai take kallo.

"Khala, ki duba."

Ta duba. Raliya ce, ba ko tantama, goshin, girar, har karkata kan nan. Amma a zaune take, ido buɗe, tana hura gussar da baki don ta ga ta tashi. Sai yarinyar ta yi dariya, hawaye na zuba, ta ce, "Ashe kyakkyawa ce." Ikilima ta dafa bayan kujera. Ta ce, "Ta fi ki surutu dai."

Ba ta ji sauƙin da take zato ba. Tana kallon kan nan mai kyau, idonta na lissafin abin da ya saba, na sama ba zai kai na ƙasa ba, na tsakiya ba zai kama ba. Yarinyar nan za ta hau jirgi, ta zauna a garin da ba ta da kowa, ta tsallaka titi, ta yi ciwon kai. Ba abin da Ikilima za ta iya yi a kan ko ɗaya. A ranta ta ce, ya Allah, na wanke uwar, kada ka nuna mini wankan 'yar. Ka sa ita ta wanke ni.

A waje Hamid ya danna oda.

"Tashi," in ji Ikilima. Sundus ta tashi tana kakkaɓe wuya. Ikilima ta zauna a kujerar, ta zare ɗankwalinta. Furfura ta cinye rabin kan, amma gashin na nan da tsayinsa. "Kin iya kitso?"

"Kin san ban iya ba. Ba ki taɓa bari na koya ba."

"To yau za ki koya. Raba shi uku."

Sundus ta gane. Ta ja da baya tana girgiza kai. "La, Khala, haram alaiki, ki ji tausayina, ba yanzu ba, don Allah."

"Yanzu. Na yi miki naki, ki yi mini nawa. Ba na so ranar ki tsaya a gefe kina kallo wata tana yi mini. Ɗaya a tsakiya, ɗaya ta nan, ɗaya ta nan. Kama na tsakiyar ki sake raba shi uku. Na dama ya hau, na hagu ya hau."

Oda ta sake tashi. Ikilima ta ɗaga murya ta ce ya jira, jirgin ba na ubansa ba ne. Sundus ta soma kitsawa, tana jan majina, gussarta na shiga mata ido tana turewa da bayan hannu. Ta kai ƙarshen jelar da ƙyar ta saki. Ikilima ta kai hannu baya ta lalube ta, ta ji ta sako-sako, tun ba a je ko'ina ba ta fara zamewa.

"Wannan ba zai kai Baƙi'a ba. Warware ki sake."

"Ina tsoron in ja ki ji zafi."

"Ja da ƙarfi, 'yar nan. Ranar ba zan ji ba."

Sundus ta goge ido da kafaɗa, ta warware, ta sake kamawa daga tushe.